Yadda Ake Ɗaukar Hoton da Mutum Ɗaya Zai Fito Sau Uku a Cikinsa

A cikin fasahar hoto ta zamani akwai salon da mai hoto yake ɗaukar kansa sau da yawa a wuri guda, sannan ya haɗa hotunan su zama ɗaya, ta yadda mai kallo zai ga mutum yana zaune tare da kansa, yana miƙa wa kansa abu, ko kuwa ya cika ɗaki shi kaɗai. Matasa da dama a Garwa da Marwa da Injamena suna ganin irin waɗannan hotuna a Facebook, sai su ɗauka cewa asirin yana cikin kwamfuta mai tsada. Alhali kuwa mafi yawan aikin ana gama shi ne tun kafin a kunna kwamfuta, domin idan kyamara ta motsa ko haske ya sauya a tsakanin ɗauka da ɗauka, babu manhajar da za ta ɓoye ɓarnar gaba ɗaya.

Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A shekarar 1857 Oscar Rejlander ya haɗa hotuna fiye da 30 a Ingila ya fitar da hoto guda. A ƙasar Yarabawa kuma, wani mai bincike mai suna Stephen Sprague ya rubuta a 1978 cewa idan ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu, masu hoto sukan ɗauki wanda yake raye su buga shi sau biyu a takarda ɗaya, domin hoton ya tsaya a madadin su biyun. Abin da kwamfuta ta kawo shi ne sauƙi, musamman daga 1994 da manhajar gyaran hoto ta Photoshop ta fara barin mutum ya jera hotuna falle a kan falle. Daga nan ne Paul M. Smith na Birtaniya ya yi aikinsa Artist Rifles, inda duk sojojin da ke fagen daga shi ne, Martin Liebscher na Jamus kuma ya riƙa cika manyan zauruka da ɗaruruwan kansa.

Mataki na farko: sanin dalilin kowane mutum a cikin hoton

Kafin a taɓa kyamara sai a zauna da takarda da biro. Mutum goma masu fuska ɗaya da suka jeru suna kallon kyamara abin dariya ne na ɗan lokaci, amma mutum uku da wani abu yake gudana a tsakaninsu suna iya tsayar da mai kallo ya daɗe yana nazari. A ganina uku ne adadin da ya fi dacewa da mai farawa, domin biyu sukan yi kama da tagwaye kawai, huɗu zuwa sama kuwa suna ninka wahalar inuwa da cuɗanya.

A nan akwai darasi a aikin Samuel Fosso, wanda aka haifa a Kumba ta Kamaru a 1962, ya buɗe shagon hoto a Bangi, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1975 yana ɗan shekara 13, ya kuma riƙa ɗaukar kansa da ragowar fim bayan masu zuwa hoto sun watse. Fosso ba ya haɗa kansa da yawa a hoto ɗaya, amma a jerin hotunansa na African Spirits na 2008 ya fito a matsayin Patrice Lumumba da Nelson Mandela da Muhammad Ali da Angela Davis, kuma abin da ya raba kowane da ɗan'uwansa bai wuce tufafi da kwalliya da zama da yadda aka ɗaga haɓa ba. Wannan shi ne abin da ake bukata a nan: jiki ɗaya, amma kowace fitowa da halinta.

Misalin da zan bi har ƙarshe shi ne zaman shayi a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Na farko yana zaune a kan tabarma cikin jallabiyar zaman gida yana dafa shayi. Na biyu baƙo ne cikin babbar riga da hula, kamar wanda ya dawo daga Masallacin Juma'a, yana jiran a miƙo masa kofi. Na uku yana tsaye a bakin ƙofa cikin kayan aiki, makullin babur a hannu, ya waiwayo yana kallon mazaunan biyu. Ka zana wannan a takarda ko da zanen bai yi kyau ba, ka nuna inda kowa zai kasance da inda idonsa zai kalla, ka kuma bar fili a tsakaninsu yadda jikin wani ba zai shiga gaban na wani ba.

Mataki na biyu: kayan aiki

Ana bukatar kyamara ko waya mai ɗauka da kyau, da maɗori mai ƙafa uku, da alli, da mataimaki ɗaya idan ya samu. Maɗorin shi ne abin da ba a yin sassauci a kansa. Wanda ba shi da shi yana iya ɗora wayar a kan turmi da aka kifa ko a kan bulo, ya tokare ta gaba da baya, ya ɗaure da roba, muddin dai ba za ta gusa ba ko kaɗan har a gama. Ƙaramin rimot na Bluetooth yana da amfani ƙwarai domin yana hana taɓa wayar, idan kuma babu shi sai a sa ta jira daƙiƙa 10 kafin ta ɗauka, a riƙa taɓa ta a hankali.

Mataki na uku: zaɓen wuri da lokaci

Wannan matakin ne ya fi kayar da mutane a yankinmu, saboda haka zan daɗe a kansa. Rana tana gusawa digiri 15 a kowace awa, wato digiri ɗaya a cikin minti huɗu. Idan sauya tufafi da gyara zama suka ci maka minti 20 a tsakanin hoto na farko da na ƙarshe, to rana ta gusa digiri biyar, kuma inuwar katanga da ta tsaya a gefen tabarma ɗazu ta riga ta hau kanta. Da safe da kuma gab da magariba abin ya fi muni, domin a lokacin inuwa tana da tsawo, ɗan gusawar rana kaɗan yana ja ta da nisa, launin hasken ma yana sauyawa. Hasken la'asar sakaliya yana da kyau a hoto guda, amma a wannan aikin mayaudari ne.

Abin da ya fi aminci shi ne cikakkiyar inuwa, irin ta rumfar kwano ko ta katanga doguwa, inda hasken da ke sauka a kan mutum ba kai tsaye yake zuwa daga rana ba. A guji inuwar darbejiya, duk da cewa ita ce ta fi yawa a titunan Marwa kuma ita ce ta fi daɗin zama. Hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye yana zuba ɗigo-ɗigo a ƙasa da kan tufafi, iska kaɗan ta kaɗa sai ɗigon ya sauya wuri, ta yadda ba za a taɓa samun hotuna biyu masu ƙasa iri ɗaya ba. Rumfar zana da ta tsufa ta yi ɓuli ita ma haka take.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ranakun da hazo ya rufe rana suna ba da haske mai laushi wanda ba ya saurin canzawa, kuma a nan ne za a iya fita fili ba tare da fargabar inuwa ba. Sai dai a rataya wa maɗorin jakar yashi ko dutse domin iska, a kuma goge idon kyamara kafin a fara, ba a tsakiyar aiki ba. Da damina gajimare yana wucewa da sauri, haske ya hau ya sauka a cikin minti ɗaya, don haka gara a jira ranar da sama ta lulluɓe gaba ɗaya. Da bazara kuwa, a watannin Maris da Afrilu da zafin Garwa da Injamena yake haura digiri 40, wayar da aka bari a rana takan yi zafi har ta rufe kyamara da kanta, sannan gumin da babu shi a fuskar mutum na farko zai bayyana a goshin na uku.

Wanda zai yi aikin da dare da fitilar lantarki ya sani cewa wutar Kamaru da ta Cadi tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wasu fitilu suna ƙyaftawa tare da ita ko da ido bai gani ba, saboda haka sai a sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa domin kada wani hoton ya fi wani haske ko ya fito da ratsi. Fitilar caji kuma tana dusashewa a hankali yayin da batirinta yake raguwa, sai an cika ta taf kafin a fara. Idan a waje za a yi, a nisanci barikin soja da gada da filin jirgin sama da gine-ginen hukuma, a kuma nemi izinin mai wurin.

Mataki na huɗu: kulle saitin kyamara

Duk abin da kyamara take yanke wa kanta hukunci a kai sai an ƙwace shi daga hannunta. Dalili shi ne idan ka fito da farar babbar riga za ta rage haske, idan ka dawo da baƙar rigar aiki ta ƙara, bangon da ke bayanka ya zama kala biyu. A kyamara sai a juya zuwa M, wato saitin hannu, a sa ISO, wato ƙarfin karɓar haske, tsakanin 100 da 400, a sa buɗewar ido a f/8 domin na kusa da na nesa duka su fito da kaifi, sannan a daidaita saurin ɗauka har hasken ya yi daidai, amma da rana kada ya yi ƙasa da 1/125 idan akwai motsin hannu. A zaɓi saitin launi guda, na inuwa ko na rana, a bar shi a nan. A sa mataimaki ya zauna a tsakiyar inda mutanen uku za su kasance, a saita kaifin hoto a kansa, sannan a kashe saitin kaifi mai aiki da kansa. Idan kyamarar tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, a yi amfani da shi.

A waya, yawancin masu Android suna da sashen Pro inda za a iya yin kusan duk wannan, ban da buɗewar ido da galibi ba ta canzawa. A iPhone kuwa, idan aka danna allo aka riƙe na ɗan lokaci, haske da kaifi suna kullewa. A kashe HDR, wato saitin da ke daidaita haske da duhu da kansa, da gyaran fuska da salon da ke dusashe baya, domin kowannensu yana sarrafa kowane hoto daban. Kada a yi amfani da ido mai faɗi sosai, saboda yana miƙe jikin wanda ke gefe har ya zama kamar ba kai ba.

Mataki na biyar: ɗauka

Fara da ɗaukar wurin babu kowa a ciki, da tabarma da faranti da murhu duk a inda za su zauna. Wannan hoton shi ne tushe, kuma da shi za a goge duk wani abin da ba a so daga baya. Sa alamar alli ƙarama a inda kowane mutum zai zauna ko ya tsaya. Daga wannan lokaci babu mai taɓa kyamara, babu mai jan tabarma, yaran gida kuma a roƙe su su tsaya a bayan maɗori, nesa da ƙafafunsa.

Sai a fara da wanda ya fi nisa, wato na bakin ƙofa, a gangaro zuwa na kusa. A kowane matsayi a ɗauki hoto takwas ko goma, ana ɗan sauya juyin kai da yanayin fuska, domin sai an zo haɗawa ne ake gane wanda ya dace da wani. Tufafin duka su kasance a shirye a ɗaki mafi kusa, a bi hanyar da ba ta ratsa cikin hoton ba, don kada sawun takalmi ya ƙaru a kan yashi.

Babbar matsala ita ce kallo. Mutumin da yake kallon inda babu kowa idonsa yakan tafi nesa, mai kallon hoto kuma yana gane haka nan take ko da bai san abin da ya dame shi ba. Maganin shi ne mataimaki ya zauna daidai inda mutumin da kake kallo zai zauna, ka dubi idonsa, ka yi masa magana ta gaske, ka tambaye shi ya gida ya aiki, har fuskarka ta saki. Ya fi kyau tsayinsa ya yi kusa da naka. Idan babu mataimaki, a kafa sanda a ɗora mata hula daidai tsayin kanka a zaune.

Miƙa kofi daga hannu zuwa hannu shi ne abin da kowa yake sha'awa, shi ne kuma ya fi wuya. Hanyar da ke aiki ita ce a ɗaura zare a rufin rumfa ya sauko, a yi masa ƙulli daidai inda kofin zai tsaya. A ɗauka ɗaya kai ne mai miƙawa, bakin kofin yana taɓa ƙullin. A ɗayar kuma kana wurin baƙo, mataimaki ya riƙe kofin a ƙullin, kai kuma ka miƙo hannu. Ga mai farawa, shawarata ita ce ya bar tazarar yatsu huɗu tsakanin hannun baƙo da kofin, kamar yana gab da karɓa. Hoton yakan fi rai a haka, aikin haɗawa kuma ya ragu da yawa.

A kula da ƙananan abubuwan da ke canzawa da kansu. Kumfar shayi tana kwantawa, gawayi yana zama toka, matashin da aka jingina da shi yana lotsawa. Saboda haka mai dafa shayi shi za a ɗauka a ƙarshe, a lokacin ne za a hura wuta, kuma murhun ya kasance a gefen da iska za ta kwashe hayaƙin ta fitar da shi daga hoton, ba ta bi da shi ta gaban baƙo ba. Da an gama, a sake ɗaukar wurin babu kowa, domin idan haske ya ɗan sauya a sami tushe na biyu da ya fi kusa da hotunan ƙarshe.

Mataki na shida: haɗawa

A kwashe hotunan zuwa kwamfuta ta igiya ko ta katin ajiya. Tura su ta WhatsApp a matsayin hoto yana matse su ya rage ingancinsu, idan ya zama dole sai a tura su a matsayin fayil. A zaɓi hoto ɗaya daga kowane matsayi, ana gwada su biyu-biyu don a ga ko idanu sun haɗu. Idan za a gyara haske ko launi a wannan gaɓar, gyara iri ɗaya za a yi wa dukansu.

Photoshop na kuɗi ne, GIMP kyauta ce, Photopea kuma tana aiki a cikin burauza muddin akwai intanet, kuma dukansu hanya ɗaya suke bi. A jera hotunan falle a kan falle a cikin fayil guda, abin da manhajar take kira calque idan da Faransanci take: hoton da babu kowa a ƙasa, na bakin ƙofa a kansa, sai baƙo, sai mai dafa shayi a sama. Domin a tabbatar sun hau kan juna daidai, a juya yanayin haɗuwar falle na sama zuwa Différence. Idan sun daidaita, bango da ƙasa za su yi baƙi ƙirin, mutum kaɗai zai rage. Idan aka ga siraran layuka masu haske a gefen ƙofa da bulo, kyamara ta gusa, sai a matsa fallen da maɓallan kibiya har layukan su ɓace, sannan a mayar da yanayin yadda yake.

Bayan haka a sa wa kowane falle na sama lulluɓi, wato masque, a cika shi da baƙi. Ƙa'idarsa ɗaya ce: baƙi yana ɓoyewa, fari yana bayyanarwa. Sai a ɗauki buroshi mai laushin baki, a zaɓi fari, a shafa a inda mutumin yake, zai fito a kan hoton tushe. Kada a bi gefen jikinsa ana yankewa. A shafa da faɗi, a haɗa da inuwarsa da lotsawar tabarmar da ke ƙarƙashinsa da ɗan duhun da jikinsa ya jefa a bango, tun da bayan duk iri ɗaya ne, ba za a ga mahaɗa ba. Manhajojin waya da ke yanke mutum da kansu a nan suke kasawa, domin suna ɗauko jiki su bar inuwa, mutum ya fito kamar an manna shi yana lilo a iska. Kada kuma a yi amfani da magogi, domin abin da ya goge ya tafi, alhali a lulluɓi idan hannu ya zarce sai a koma baƙi a gyara.

Inda jiki ya shiga gaban jiki, ko inda hannu ya kusanci kofi, a nan ne za a ƙara girman hoton ninki biyu ko uku, a rage buroshi, a ƙara masa kaifin baki, a bi gefen a hankali. Zare da alamun alli da duk wani ɓangaren mataimaki da ya leƙo ana kawar da su ta hanyar shafa baƙi, hoton tushe ya rufe wurin.

Wanda waya kaɗai gare shi yana iya yi da manhajar Snapseed. Ya buɗe hoton tushe, ya zaɓi Double exposition, ya ɗora hoto na biyu, ya kai ƙarfinsa ƙarshe, ya amince. Sannan ya shiga jerin gyare-gyaren da ya yi, ya taɓa wannan gyaran, ya zaɓi alamar buroshi, ya shafa da yatsa a inda mutumin yake. Haka zai maimaita ga kowane mutum. Yatsa ba ya kai buroshin kwamfuta daidaito, shi ya sa barin fili a tsakanin mutanen ya fi zama wajibi ga mai aiki da waya.

Mataki na bakwai: dubawa da bugawa

Idon da ya daɗe a kan hoto yakan daina ganin aibinsa. A juya hoton hagu ya koma dama, a ƙanƙanta shi, a duba ko inuwoyi duka gefe ɗaya suka faɗi, ko ƙafar na tsaye ta taka ƙasa da gaske, ko agogo ko zobe ɗaya ya bayyana a hannun mutum uku ba da niyya ba. Sannan a nuna wa wanda bai san yadda aka yi ba, a lura da inda idonsa ya fara tsayawa. Gyaran launi na ƙarshe a kan hoton gaba ɗaya ake yin sa, kuma idan launin fallayen ya ƙi daidaituwa, mayar da hoton fari da baƙi yakan rufe bambancin.

A ajiye fayil mai fallaye daban, PSD a Photoshop ko XCF a GIMP, sannan a fitar da JPEG mafi inganci domin bugawa. Hoton waya mai megafiksel 12 yana da fiksel 4000 a tsawo da 3000 a faɗi, wanda yake ba da bugu mai kaifi na kimanin santimita 34 da 25 idan aka buga fiksel 300 a kowane inci. Ana iya wuce haka idan daga nesa za a kalla, amma a fara buga ƙarami a shagon hoto a ga yadda injinsu yake fitar da launin fata da farin tufafi. A bayan takardar a rubuta sunan aikin da shekara da lambar bugu, misali 1/5 idan guda biyar kaɗai za a buga, a kuma ambata cewa hotuna huɗu aka haɗa, kamar yadda ake bayyana yadda aka yi aiki a wuraren baje kolin hotuna.